Ambaliya a Zariya: Tsakanin Mutanen Unguwa da Hukuma, Wa Ya Fi Gaskiya?

Wani bawan Allah daga Tudun Wada, sakataren ƙungiyar ci gaban unguwarsu, ya aiko da tambaya. Ya ce duk shekarar da ruwa ya shiga gidaje, mutanen unguwa sai su ce gwamnati ce ta ƙi yi musu magudana, kuma agaji ba ya zuwa sai an gama tafka asara. Jami'ai kuma su ce jama'a ne ke cika kwata da shara, suna gini a kan hanyar ruwa. Yana so ya san wa ya fi gaskiya, kuma a kan wace magana ƙungiyarsu za ta tsaya.

Malam, na gode da wannan tambaya. Auna hanya da zana magudanar ruwa shi ne aikina, kuma a garin nan nake zaune, don haka maganganun da ka kawo ba baƙi ba ne a kunnena. Na ji su daga bakin magidanta ƙafarsu cikin taɓo, na kuma ji su a ofis ƙarƙashin fanka. In ka matsa mini sai na zaɓa, zan ce mutanen unguwa sun fi kusa da gaskiya a kan inda ruwa ke fitowa da inda yake tsayawa, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sai dai maganin da suke roƙo, sau da yawa ba shi ne zai raba su da ruwan ba.

Bari mu fara da ɗan lissafi, don in ba a yi shi ba kowa zai yi ta magana ne da ka. Zariya na samun ruwan sama wajen milimita 1,000 zuwa 1,100 a shekara, kusan dukansa tsakanin Mayu da Oktoba, kuma Agusta ya fi kowane wata. Jimillar shekara ba ita ke cin gida ba. Abin da ke cin gida shi ne ruwan da ya zubo kamar da bakin ƙwarya cikin awa ɗaya ko biyu, a kan ƙasar da marka ta riga ta ƙosar. Milimita ɗaya na ruwan sama a kan filin da ya kai mita ɗaya tsawo, mita ɗaya faɗi, lita ɗaya ce. To ɗauki gida mai rufin kwano mita 10 tsawo, mita 10 faɗi. In aka yi ruwan milimita 50, wanda ba abin mamaki ba ne a Agusta, rufin nan kaɗai zai zubo da lita 5,000, wato durom 25. Layi mai gida 40 ya tara durom 1,000 ke nan, kafin a lissafa na tsakar gida da na kan titi, kuma duka a lokaci guda suke neman hanya.

Da can ƙasa ke shanye mafi yawan wannan ruwa. Tsakar gida ƙasa ce, bayan gida gona, gaba kaɗan fadama. A gona ko filin da ke da ciyawa, abin da ke gudu a sama bai cika wuce kashi 20 zuwa 30 cikin 100 ba. A kan kwano da siminti da kwalta kuwa, kashi 80 zuwa 90 ne ke gudu. Wannan ita ce amsar dattawan da ke cewa sun ga ruwan da ya fi na bana a shekarun baya amma bai taɓa tsallake dokin ƙofarsu ba. Gaskiyarsu ne. Unguwar ce ta canza a ƙarƙashin ƙafarsu. Ruwa iri ɗaya, amma abin da ke isowa ƙofar gida ya ninka sau uku.

Akwai kuma maganar kududdufai, wadda ba a cika kawowa ba in ana wannan muhawara, alhali a cikin birni ita ce babba. Birnin Zazzau da ƙasa aka gina shi, daga ganuwa har soraye, kuma duk inda ka ga kududdufi, ramin da aka haƙi ƙasar tubali ne. Magabata ba su zauna sun zana taswirar ruwa ba, amma sun bar wa ruwa masauki a kusan kowace unguwa. Indararo ya zubo tsakar gida, rariya ta fitar, lungu ya gangara da shi kududdufi, ya kwanta can yana tsanewa sannu a hankali. Yau da yawansu an mayar da su juji, da suka cika aka daddale, aka yanka filoti. Ba na cewa kududdufi abin so ne. Gidan sauro ne, kuma iyaye da yawa sun yi kukan yaran da suka faɗa ciki. Amma duk wanda ya cike kududdufi bai yi wa ruwansa wata hanya ba, ya raba ruwan nan ne a ɗakunan maƙwabtansa.

Shi kansa garin, sunayen unguwanninsa suna faɗa maka labarin ƙasar: Tudun Wada, Tudun Jukun, ga hayi, ga gangare. Duk tudu yana da kwarin da yake zuba wa ruwa. Rafin Kubanni ya taso daga yamma, ya bi ta Samaru inda jami'ar Ahmadu Bello ta datse shi don ruwan sha, ya ratsa tsakanin Sabon Gari da Tudun Wada, ya faɗa Galma, shi kuma Galma ya kai kogin Kaduna. Ƙananan rafuka irin su Kamaca na kwaso nasu suna ƙarawa. Sabon Gari ya kafu ne bayan zuwan jirgin ƙasa wajen 1911, jami'a ta zo a 1962, kuma tun daga nan gari ke cika yana gangarowa daga tudu zuwa bakin waɗannan rafuka. In ka duba unguwannin da aka fi ambata a damunan baya-bayan nan, Cikaji a 2024, Tudun Jukun da Magume a 2025, za ka ga ba haka kawai ruwa ya zaɓe su ba.

Yanzu ga maganar mutanenku: a yi mana kwalbati, a yi mana lambatu. Buƙata ce ta gaskiya, akwai layuka da yawa da ba su da ko tsagi. Inda nake rabuwa da su shi ne, kowa ƙofar gidansa yake kallo. Magudana kuwa sarƙa ce, daga rariyar gida zuwa kwatar layi, zuwa babbar magudana, zuwa kwalbatin da ke ƙarƙashin titi, har bakin rafi, kuma dole ta riƙa ƙara faɗi tana gangarawa domin kowane layi ƙara mata kaya yake yi. In gaɓa ɗaya ta tsuke, duk abin da ke samanta ya zama ado. An taɓa kirana wani layi da aka yi wa lambatu mai kyau, siminti sumul, jama'a har da walimar godiya. Na bi shi da ƙafa zuwa ƙarshe, sai na tarar ya ƙare a jikin katangar wani gida, domin daidai nan kuɗin kwangilar suka ƙare. Masu saman layi sun huta, su kuwa na ƙasa, waɗanda da ruwa ke iso musu a warwatse, yanzu a tare yake zuwa da gudu. In ka tambayi na sama za su ce aiki ya yi, na ƙasa su ce an cuce su, kuma duk ba wanda ya yi ƙarya. Shi ya sa in an ce maka "ra'ayin mutanen unguwa", fara tambaya tukuna: na tudu ko na gangare?

Wani ƙorafi da nake ba mutane gaskiya ɗari bisa ɗari shi ne na titin da ya fi gida tudu. Duk gyaran da aka ɗora sabon burji da kwalta a kan tsoho ba a kankare ba, titi ya ƙara tsawo, gidan da aka gina shekara 40 da suka wuce yana nan inda yake. Wata rana sai mai gida ya ga yana sauka ne zuwa zaurensa. Titin ya koma madatsa, in kwalbatin da ke ƙarƙashinsa ƙarami ne ko ya toshe, ruwan ɓangare ɗaya ya taru ya koma cikin gidaje. Nan kuma ake shiga wani ruɗani, domin titi titi ne a idon mai gida, amma a takarda babbar hanyar Kaduna zuwa Kano ta tarayya ce, manyan titunan cikin gari na jiha, lunguna na ƙaramar hukuma, garin kuma ya rabu tsakanin ƙananan hukumomin Zariya da Sabon Gari. Ruwa bai san wannan rabo ba. Mai kai ƙara ne ke shan yawo daga wannan ofis zuwa wancan.

To, maganar jami'ai fa, ta shara? Ita ma ba ƙarya ba ce. Dukanmu mun san gidajen da in hadari ya haɗo ake aiken yara su juye kwandon shara a kwata don ruwa ya tafi da ita. Ledar fiya wata da robar lemo da ƙunzugun yara na zamani ba sa ruɓewa, kuma bututun famfo ɗaya da ya gitta bakin kwalbati ya isa ya tare su su zama bango. Ga masu shago da ke shimfiɗa siminti a kan lambatu babu ko ƙofar yashewa. Amma duk wanda ya taɓa shiga kwata da shebur ya san abin da ya fi yawa a ciki yashi ne da laka, waɗanda ruwa ke wankowa daga layukan da ba kwalta da tulin yashin gini da ake jibgewa a bakin titi. Leda ita ido ke gani don tana sama. Lambatu mai faɗin santimita 60 da zurfin 60, in yashi ya cika rabinsa, abin da zai iya ɗauka bai kai rabin na da ba, wajen kashi 40 ne cikin 100. Wannan ba laifin matar da ta zubar da shara ba ne, rashin yashewa ne a kan kari. Sannan wanda za ka hana zuba shara a kwata, sai ka nuna masa inda zai kai ta da motar da za ta kwashe. Zamanin duba-gari ana tsoron tara, amma kuma ana da juji sananne.

Aikin gayyar da matasa ke yi, Allah ya saka musu, akwai kuskure ɗaya da ke cinye wahalarsu: a fito da laka a tara ta a bakin kwata a tafi. Ruwan farko zai mayar da ita inda ta fito. In ba a tanadi tifa ko kura ba tun kafin ranar, gara a ɗaga aikin.

Gini a kan hanyar ruwa shi ne wurin da maganar ta fi zafi, kuma nan ne na fi jin tausayin mai gida. Ba wanda ke son ya kwana a bakin rafi. Talaka ya tara kuɗinsa shekara da shekaru, dillali ya kai shi fili a watan Maris ƙasa ta bushe ƙayau, farashi da sauƙi, aka rubuta takarda da shaidu. Ya yi gini ba wanda ya ce masa uffan. Sai ruwa ya ci gidan a ce masa ya karya doka. Dokar tana nan, hukumar tsara birane ta jiha, KASUPDA, ita ke da alhakin ba da izinin gini, kuma akwai gidajen da maganar gaskiya ba magudanar da za ta cece su, domin a cikin gadon rafi suke. Amma muddin kalmar da mutum ke ji ita ce rusau, ba ya jin maganar diyya ko wani filin, to zai ɓoye ɓarnarsa, ya gyara da daddare, ya ƙara tsawon dokin ƙofa, ya jera buhunan yashi, ruwan ya karkata gidan maƙwabci. Mai shirin sayen fili dai, ya je ya gan shi a Agusta.

Kan ji wasu 'yan boko na cewa matsalar mutanenmu ita ce komai sai su ce ƙaddara. Ni ban ga haka ba. "Daga Allah ne" jaje ne da haƙuri, kuma mutumin da ya faɗe ta da safe shi za ka gani da yamma yana kwaɓa siminti.

Akwai kuma jita-jitar "an buɗe dam", wadda ta ƙara ƙarfi tun da madatsar Alau ta ɓalle ta ci Maiduguri a Satumban 2024. Ga hanyar da za ku gane da kanku. In ruwa ya shigo gida ana tsakiyar ruwan sama, ya janye bayan awa biyu ko uku da ɗaukewa, wannan na unguwarku ne, maganinsa magudana. In kuwa sama ta ɗauke, ko ma ba a yi ruwa a wajenku ba, sai ga ruwa yana hauhawa daga ɓangaren rafi, wannan na Kubanni ne ko Galma da aka yi a sama, kuma kwalbati goma ba za su hana shi ba. Sau da yawa biyun ke haɗuwa: rafi ya cika ya toshe bakin magudana, ruwan unguwa ya rasa mafita ya koma baya.

Sai batun agaji. Abu uku ne mutane ke haɗawa a kalma ɗaya: gargaɗi kafin ruwa, ceto lokacin ruwa, da tallafi bayansa. Gargaɗi ana yi. Hukumar hasashen yanayi NiMet na fitar da hasashen damina kowace shekara, NIHSA mai lura da koguna na fitar da jerin wuraren da ke cikin haɗari. Amma galibi sunan jiha da ƙaramar hukuma ake ji, kuma in aka ce wa mutum a rediyo ya koma kan tudu ba a ce masa gidan wa ba, an faɗa ne kawai don a fita haƙƙi.

Ceto kuwa, in faɗa maka gaskiya ko da ba daɗi, irin ruwan da ke cin unguwannin Zariya ya fi kowace hukuma sauri. Tsarin ƙasa hawa uku ne: NEMA, hukumar agajin gaggawa ta tarayya da aka kafa a 1999, hukumar agajin gaggawa ta jiha, sai kwamitin ƙaramar hukuma. Hawan da ya fi kusa da mutane shi ya kamata ya fi ƙarfi, shi ne kuma ya fi rauni. Tsakanin Kaduna da Zariya wajen kilomita 80 ne, ruwan kuma cikin awa biyu ya gama abin da zai yi, galibi da tsakar dare. A kira lambar gaggawa 112, a kira 'yan kwana-kwana da Red Cross, amma wanda zai ciro tsohuwa daga ɗaki maƙwabci ne da 'yan agajin masallaci. Don haka in mutane sun ce "mu muka ceci kanmu", ba ƙari suka yi ba, kuma haka zai ci gaba da kasancewa. Abin da ya rage a koya wa matasan nan kada su zama gawa ta biyu. Ruwa mai gudu da ya kai santimita 15, wato ɗan sama da idon sawu, yana iya kayar da babban mutum, mai santimita 30 yana ɗaga ƙaramar mota. Ruwa in ya rufe titi, ba mai gane inda bakin lambatu yake, kuma ta nan ake rasa yara. Igiya, tocila, sanda doguwa, da sanin gidajen da ke da tsofaffi da masu jego, sun fi jarumta amfani. A kashe wutar gida kafin a taka ruwa.

Tallafi shi ne inda zuciya ta fi ɓaci, kuma jimlar da za ka ji a ko'ina ita ce: sun zo sun rubuta sunaye sun tafi. Jinkirin yana da dalili, domin sai an ƙiyasta ɓarna, a rubuta rahoto, a amince, a saki kuɗi, a sayo kaya, makonni sun wuce. Mai gida kuwa a daren farko yake buƙatar tabarma busasshiya, shi ya sa yake kiran abin ihu bayan hari. Amma na lura ba jinkirin ne ya fi ci wa mutane rai ba, jerin sunayen ne. A rubuta mai gida da ke zaune wata unguwa, a tsallake ɗan hayan da katifarsa da takardun 'ya'yansa suka jiƙe. Gidan gado mai magidanta biyar a lissafa shi gida ɗaya. Bazawarar da ke cikin gida ba ta fito layi ba, ba a san da ita ba. Sannan a ga kaya a hannun wanda ko ɗigo bai shiga ɗakinsa ba. Abin da ake rabawa ma, shinkafa da bargo da gidan sauro, yana tsare yunwar mako, amma asarar mutum katanga ce, da buhunan masarar shekara, da keken ɗinki ko injin markaɗen da ake ci da shi.

Kwanakin bayan janyewar ruwa kuma kusan ba wanda ke kula da su, alhali suna kisa. Ginin ƙasa daga gindi yake shan ruwa, yana iya tsayawa daren ruwan ya faɗi bayan kwana biyu ko uku a kan masu barci. In gindin bango ya jiƙe ya yi laushi ko ya tsage, a kwana a waje. Masai in ya cika ya tumbatsa, rijiyar gida ta gurɓace ko da ruwanta ya yi garau a ido, daga nan sai amai da gudawa. A tafasa ruwan sha, a nemi ma'aikatan lafiya su zuba wa rijiya sinadarin kulorin. Wanda gudawa ta kama a fara ba shi ruwan gishiri da sukari, ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ana kan hanyar asibiti.

Ka tambayi inda ƙungiyarku za ta tsaya. Kada ku tsaya a kan "gwamnati ta yi watsi da mu", kowane ofis ya saba jin wannan. Ku mayar da abin da mutanenku suka sani ya zama hujja. Bayan kowane babban ruwa a shafa fenti a bango daidai inda ya tsaya, a rubuta kwanan wata, a ɗauki hoto. Ku bi ruwan da ƙafa tare da dattawan da suka san tsohuwar hanyarsa, tun daga inda yake shigo muku har inda yake faɗawa rafi, ku gano gaɓar da ta tsuke. Ku jawo unguwar da ke samanku da wadda ke ƙasanku, da masu unguwanni da dagaci, takarda ɗaya sa hannu da yawa. Takardar da ta ce kwalbati kaza a layi kaza faɗinsa kaza, ruwa na tsallake shi da kamu kaza, injiniya zai iya yi mata kuɗi a sa ta a kasafi, kuma a kai ta kafin ƙarshen shekara lokacin da ake haɗa kasafin, ba a tsakiyar damina ba. Jerin waɗanda abin ya shafa ma ku rubuta naku cikin kwana biyu, ɗaki ɗaki, har 'yan haya, a sa mata su shiga cikin gidaje, a karanta shi a ƙofar masallaci kowa ya ji kafin jami'ai su iso.

Yashewa kuma sau biyu za ku yi, a Afrilu kafin ruwa ya sauka, da ƙarshen Yuli kafin marka. Ku fara daga bakin rafi ku hauro sama, domin in kuka fara daga sama, kun buɗe wa ruwa hanya ne zuwa inda yake a toshe.